Baƙin zoɓon sabuwar kaka a kasuwar Garwa: ya ci kuɗinsa, amma yana neman abokin haɗi

Sabon zoɓo ya sauka. Tun daga tsakiyar Nuwamba buhuna suke shigowa babbar kasuwar Garwa da kasuwar Lahadi ta Pitowa, a arewacin Kamaru, kuma wanda ya fi jan ido a layin masu kayan miya shi ne baƙin, wato mai jan da ya yi duhu har ya kusa rinewa, mai manyan kunnuwa masu kauri. Shi ya fi tsada a tasa, shi kuma masu kaya suka fi kurantawa. Idan mai sayarwa Bafulatani ne, folere za ka ji ya ce. Idan daga wajen Kusuri ko Njamena ya zo, ya ce karkanji. Duk kaya ɗaya ne. Magana a gajarce, na bana ya ci kuɗinsa: launi ya kai, jiki ya kai, ƙamshi tsaf. Inda ya gaza shi ne tsami. Wanda ya jiƙa shi shi kaɗai, ya zuba masa sukari yadda ya saba, zai sami abin sha mai kyan gani amma mai saurin ginsar da mutum.

Mutane da yawa ba su ɗauki zoɓo abin da ake tambayar shekararsa ba. Masu sana'ar jan ruwan inabi a Faransa, irin na yankin Bordo, suna buga shekarar da aka tsinke 'ya'yan a jikin kwalba, domin ruwan sama da ranar wannan shekara suna fitowa a ɗanɗano. Zoɓo ma haka yake, har sinadarin da ke ba shi ja, wanda ake kira antosayanin, danginsu ɗaya da na fatar baƙin inabi. Sai dai nasu akwai wanda ake ajiyewa ya ƙara daraja, namu kuwa daga ranar da ya bushe yake fara raguwa. Saboda haka kafin a tambayi kuɗin tasa, a fara tambayar na wace kaka ne.

Abin da muke jiƙawa ba furen yakuwa ba ne, kwanson nan ne mai nama da ke riƙe da fure, wanda ke kumbura ya rufe ƙwallon iri bayan furen ya faɗi. Ana shuka yakuwa da faɗuwar damina, a Yuni ko Yuli, galibi a gefen gonar dawa ko gyaɗa ko auduga. Ba ta fure sai rana ta fara gajarta, wajen Satumba zuwa Oktoba, ko da an shuka ta da wuri. Daga faɗuwar fure zuwa lokacin ɓara mako biyu ne zuwa uku. Wannan ɗan tsakanin shi ne komai. Aka yi gaggawa, kwanson bai yi nama ba, launi bai zauna ba. Aka yi jinkiri, ya yi zare-zare, ya taurare, bauri ya hau. Manomin da ke bin gonarsa sawu biyu ko uku, yana cire wanda ya isa yana barin saura, shi ke fitar da irin kayan da ake magana a kai. Wanda ya bari duk gonar ta bushe a tsaye sannan ya sare ya ɓare, aikinsa ya fi sauƙi, amma gutsattsari zai kawo kasuwa, rabinsu sun ƙone da rana.

Sai shanya. Kusan kilo goma na ɗanye ne ke ba da kilo ɗaya na busasshe, wato ruwa ne mai yawa zai fita, kuma dole ya fita da sauri. Idan damina ta ɗauke a kan kari, iskar hunturu ta taso, kwana uku zuwa biyar sun isa. Idan ruwa ya zarce har cikin Oktoba, ko raɓa ta yi nauyi, kayan yakan kwana da laima, fumfuna ta kama shi daga ciki inda ido ba ya gani. A shekara irin 2022 ko 2024, da ambaliya ta ci yankin Yagwa da bakin kogin Logon har cikin Cadi, mai saye sai ya ninka lura. Wurin noma ma yana da nasa tasiri: Garwa na samun ruwan sama wajen milimita 1000 a shekara, Marwa wajen 800, Ngaundare kuwa ta kai 1500, kuma inda iska ta fi bushewa shanya ta fi kyau.

Na bana ya samu shanya. Ɗebi cikin hannu ka gani. Kunnuwan sun fito ɗai-ɗai, da yawa da siffarsu ta ƙoƙo mai baki biyar, alamar an cire ƙwallon tun yana ɗanye. Bayansu na da ɗan sheƙi, cikinsu ya fi haske kaɗan. Ka matsa ɗaya tsakanin yatsu, zai ɗan lanƙwasa sannan ya karye da 'yar ƙara. Haka ake so. Wanda ya lanƙwashe bai karye ba, da sauran ruwa a jikinsa, ko bai gama bushewa ba ko an yayyafa masa don ya yi nauyi. Wanda ya murmushe ya zama gari kuwa ya tsufa ko ya sha rana fiye da kima. Masu fitar da zoɓo ƙasashen waje ba sa son laimarsa ta wuce kashi 12 cikin ɗari, kuma wannan karyewar ita ce ma'aunin mai saye da ba shi da na'ura. Ka kai hanci: ƙamshin busassun 'ya'yan itace ne da ɗan tsami-tsami a bayansa. Babu warin rumbu, babu na hayaƙi, babu na buhun taki.

A tura hannu har gwiwa cikin buhun, a ɗebo daga ƙasa. Mai kaya na kirki ba zai hana ba, ka ce masa, "Alhaji, a ɗan nuna mini na ciki," zai ma juye maka a faifai. A nan ne ake gane algus, domin mai kyau a baki ake jera shi. A buhunan da aka duba na bana, saman da ƙasan ba su yi nisa da juna ba, sai dai ƙasan na da yashi. Ba mai yawa ba, amma akwai, kuma wannan shi ne aibinsa na biyu bayan ƙarancin tsami. Har yanzu yawancin manoma a ƙasa suke shanya, a kan buhu ko tsohuwar tabarma, iskar hunturu na kwaso ƙura tana zubawa. Akwai kuma ƙwallayen gurguzu jefi-jefi. Su a tsince su gaba ɗaya kafin jiƙo, domin suna kawo ɗaci da wani gashi-gashi mai maƙaƙi a maƙogwaro. Gurguzu yana da wurinsa, da shi ake daddawar nan da mutanen yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru ke kira mbuja, amma ba a cikin abin sha ba.

Gwajin da ya fi faɗin gaskiya a kofin gilashi ake yinsa, ba sukari, ba citta. A auna giram 10, kamar kunnuwa cike da tafin hannu, a ɗauraye, a zuba a ruwan sanyi mililita 200, a bari minti goma sha biyar. Baƙin bana yana sakin launi a hankali, zare-zaren ja suna sauka ƙasan kofi, kafin minti goma ruwan ya yi jajawur mai duhu. Ka ɗaga shi ga hasken taga: tsakiya ba ta bari ka ga yatsanka, amma gefen ruwan, inda ya taɓa gilashi, ja ne tas mai ɗan shuɗi-shuɗi. Wannan gefen shi ake kallo. Sabon kaya gefensa ja ne. Na bara gefensa ya karkata zuwa launin ƙasa, ko da tsakiyar ta yi duhu. Idan kuma ruwan ya rine nan take da zuba kayan, a yi hattara, mai yiwuwa an taimaka masa da kala.

A baki, abu na farko da ake ji shi ne nauyi. Ruwan na da jiki, yana ɗan shafar harshe, ba tsululu ba ne. Bayansa ɗanɗanon 'ya'yan itace mai zurfi, wani abu tsakanin ɗinya da busasshen inabi, da ɗan zaƙi-zaƙi ko da ba a sa komai ba. Tsamin yana zuwa a makare, ya taɓa gefen harshe ya wuce, bai kai ya kashe haƙora ba. Daga ƙarshe bauri mai laushi ya ɗan kama dasashi, ya saki da wuri. Bauri kaɗan abin so ne, shi ke sa bakin mutum ya nemi kurɓa ta biyu. Abin da babu shi ne wartsakewar nan da ake nema da zoɓo a zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40. Ba laifin shekara ba ne kaɗai, halin irin ne: baƙin zoɓo ko'ina ya fi launi, jan mai haske ya fi tsami. A Sanagal ma haka suka raba nasu, irin Vimto mai duhu da irin Koor mai tsami, kuma masu sana'ar can haɗa su suke yi.

Jan mai haske yana nan a buhun da ke kusa, ya fi araha, ba wanda ke kuranta shi. Kunnuwansa ƙanana ne, sirara, launinsa a kofi ba ya wuce jan da kake iya karanta rubutu ta cikinsa. Shi kaɗai ba ya shawuwa sai da sukari mai yawa, tsaminsa na hawa kai. Amma ƙamshinsa ya fi tashi, kuma shi ne ke da abin da baƙin ya rasa. Kashi biyu na baƙi, kashi ɗaya na ja, shi ne haɗin da ya zauna daidai da kayan bana. Mai son tsami ya yi rabi da rabi. Uku da ɗaya ya yi wa yara da tsofaffi. Wasu na cike giɓin da lemun tsami ko tsamiya, kuma ba laifi, sai dai lemun tsami na ɗora nasa ƙamshin a kan na zoɓo, tsamiya kuma na dusashe launi. Farin zoɓo a bar wa miya.

Ga awon da za a iya dogara da shi. Giram 100 na busasshe, wato wajen 65 na baƙi da 35 na ja, ga ruwa lita biyu. A yi amfani da sikeli idan akwai, domin tasa ko koro ba sa faɗin gaskiya a kan zoɓo: manyan kunnuwa na cika mazubi da iska, gutsattsari kuma su ninka nauyi a mazubi ɗaya. A zuba a ruwan sanyi mai yawa, a juya da hannu, a tsamo da hannu kafin a ƙirga talatin. Tsamowa ake yi, ba a tsiyayewa, don yashin ya zauna a ƙasan roba. A maimaita sau ɗaya. Wanda ya tsaya yana wanki kamar na shinkafa, launin da ya biya kuɗi dominsa ne yake zubarwa a rariya.

A ɗora ruwan da ɗanyar citta giram 30 da aka daddaka, da kanumfari ƙwaya shida, su tafasa minti goma. Su suna son wuta. Sai a sauke tukunyar, a bari tafasar ta kwanta minti biyu ko uku, sannan a zuba zoɓon, a danna shi ya nutse, a rufe. Minti goma sha biyar zuwa ashirin, a tace da rariya, a sake tacewa da ƙyalle mai tsabta. Kada a matse tuƙar da ƙarfi, matsa na fito da laka da bauri. Za a samu wajen lita ɗaya da mililita 700, domin kayan na shanye kusan kofi guda. A zuba sukari tun da ɗumi, giram 150 zuwa 170, wato ƙwaya talatin ko sama kaɗan idan na kwali ne. A huce shi da sauri, a zaunar da mazubin cikin baho mai ruwan sanyi, kada a bar shi a rufe yana ci gaba da dahuwa da kansa. Tuƙar na iya ba da jiƙo na biyu da lita ɗaya, amma siriri ne, amfaninsa a sirka na farko idan ya yi kauri.

Babban abin da ke lalata zoɓo mai kyau a gidajenmu shi ne tafasawa. Ana ɗora shi ya yi ta ɓararraka rabin awa ko awa, wai don ya fito. Ai ya riga ya fito tun a minti ashirin na farko. Abin da ƙarin wuta ke yi guda uku ne: antosayanin ba ya jure dogon zafi, sai jan ya koma launin makuba mai duhu; ƙamshin na bin tururi ya tafi; baurin da ke cikin zaren kwanson kuma ya narke ya shiga ruwa. Daga nan sai a ga ya yi ɗaci, a ƙara sukari, a ga ba ya ƙamshi, a zuba filebo. A ƙarshe tsadadden kaya da na araha sun zama ɗaya. Wanda zai tafasa zoɓo awa guda, gara ya sayi gutsattsarin, bai yi asara ba.

Jiƙon sanyi ne ke nuna baƙin bana a kan ganiyarsa. Awo ɗaya ne, sai dai ruwan a tafasa shi ya huce tukuna. A firji awa shida zuwa takwas, ko daga dare zuwa safiya. A waje, cikin zafin rana, kada ya wuce awa uku zuwa huɗu, kuma ba a sa sukari sai an tace. Launin ya fi haske da tsabta, bauri ya ragu ƙwarai, ɗanɗanon 'ya'yan itacen ya fito fili. Jikin ne ke ɗan raguwa. Citta da kanumfari ba sa sakin ƙarfinsu a ruwan sanyi, don haka a dafa su daban a kofi ɗaya na ruwa, a tace, a zuba daga baya gwargwadon so. A jiƙon sanyi rabi baƙi rabi ja ya fi dacewa, ko a ƙara ganyen na'ana'a reshe biyu a minti goma na ƙarshe.

Tukunya ma tana da magana. Zoɓo na da tsami sosai, ma'aunin tsaminsa, wanda ake kira pH, yakan zauna tsakanin 2.5 da 3, kusa da na lemun tsami. Wadda ta taɓa jiƙa shi a tukunyar dalma ta san abin da ke faruwa: bayan an juye, cikin tukunyar ya yi fari fes daidai inda ruwan ya tsaya, daga nan zuwa sama kuma yana nan da duhunsa. Abin da ya wanku daga jikin tukunyar yana cikin abin sha. Ƙarfe mai tsatsa kuma na mai da shi baƙi, ya ba shi ɗanɗanon kusa. A nemi tukunyar silba marar tsatsa, ko mai fenti da bai ɓantare ba, ko gilashi. Idan roba ce, ta zama ta abinci, kuma ba da tafasasshen ruwa ba. Ruwan rijiya mai gishiri-gishiri ko mai farar ƙasa na dusashe ja, na famfo mai warin jabel, wato maganin da ake tsabtace ruwa da shi, na kashe ƙamshi. Na famfon a tara shi a buɗe ya kwana, ko a tafasa.

Kanwa kuwa, a raba ta da zoɓon sha. Wasu na jefa ta don kashe tsami, kuma tana kashewa, amma har da launi da ɗanɗano take tafiya. Jefa 'yar mitsitsiya a kofi ka kalla: jan ya koma shunayya, ka ƙara kaɗan ya koma toka-toka mai kore, a baki kuma santsi-santsi irin na sabulu. Bayan haka, tsamin nan shi ne ke hana ƙwayoyin cuta da yawa sakewa a ciki, aka kashe shi sai ya lalace da wuri. Da baƙin bana ma ba a ga dalilinta ba, tunda tsamin nema ake. Amfanin kanwa ɗaya ne a nan: tana tona asirin kala. Zoɓo na gaskiya na sauya launi da zarar ta taɓa shi, jan kanti kuwa yana nan yadda yake.

Game da kayan ƙamshi, ra'ayina shi ne a sassauta. Kanumfari idan ya wuce ƙwaya uku ko huɗu a lita yana kashe harshe, sai ka ji kamar maganin haƙori kake sha. Masoro da kimba na da masoyansu, musamman ga mai mura, amma sukan danne kaya mai kyau. Ɓawon abarba na ba da ƙamshi mai daɗi, sai dai shi ne ke fi saurin sa zoɓo ya tashi, domin yis na zaune a jikinsa. Idan za a sa, a wanke shi da kyau a tafasa tare da citta. Mazarƙwaila na tafiya da baƙin zoɓo fiye da yadda ake zato, tana ƙara masa zurfi, amma tana dusashe sheƙin. Dabino na sa shi kauri da laka. Zuma sai ya huce.

Da an sa sukari agogo ya fara. A ɗakin da ba sanyi, a bazara, zoɓo mai sukari na iya fara tashi kafin ya kwana ɗaya. Alamun ba sa ɓuya: ƙananan kumfa a wuyan gora, gorar ta yi tauri, a buɗe ta yi huci, ɗanɗanon ya yi tsini yana cizon harshe. Yis ne ke cin sukarin yana mai da shi iska da barasa, kuma wanda ya kai haka zubarwa ake yi, ba a gyara shi da ƙarin sukari ko ƙanƙara. A firji mai aiki yakan yi kwana uku zuwa huɗu. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, dabara ita ce a ajiye tataccen ba sukari, mai kauri, giram 100 a lita ɗaya, a riƙa ɗiba ana sirkawa da ruwa daidai da shi, ana sa sukari lokacin sha. Mai sayarwa da ke son ya daɗe ta ɗumama shi ya kai digiri 85, ta ɗura da zafinsa a kwalaben gilashi da aka tafasa, ta rufe nan take. Gorar roba ba ta ɗaukar wannan zafin, lanƙwashewa take.

Na gora da na leda da ake yawo da su a tasha da bakin kasuwa, sai dai a ce hannu-hannu ne. Akwai mata masu yin na kirki, ana gane nasu da ɗan bauri a ƙarshe da launin da ba ya ƙyalli fiye da kima. Akwai kuma wanda jiƙo na uku ne aka tayar da kala da filebo da sakarin. Shi zaƙinsa na maƙalewa a maƙogwaro da wani ɗaci-ɗaci, harshe kuma ya daɗe da ja. Sanyin ƙanƙara na rufe aibi da yawa, don haka a bar kurɓa ɗaya ta huce a baki kafin a yanke hukunci. A duba bakin gorar da murfinta, tunda yawanci gorunan ruwa ne ake sake amfani da su.

Ta fuskar lafiya, abin da aka fi tabbatarwa shi ne yana sauke hawan jini kaɗan. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka, wanda aka wallafa a 2010, ya ba mutane kofi uku a rana na mako shida, awon jininsu na sama ya sauka da wajen maki 7. Wannan ba ya maye gurbin magani, kuma mai shan maganin hawan jini ko mai juna biyu su tuntuɓi likita kafin su mai da shi na kullum. Mai gyambon ciki kada ya buɗe baki da shi a kan yunwa, ya fara da dabino da ruwa. Bayan sha a kurkure baki da ruwa, tsami na cin haƙori. Kuma giram 90 na sukari a lita ba wasa ba ne ga mai ciwon sukari.

Lokacin saye yanzu ne, daga Nuwamba zuwa Janairu, kaya na sabo kuma kasuwa cike. Da azumi ya matso, kuma a 'yan shekarun nan a Fabrairu da Maris yake faɗowa, farashi na tashi, a lokacin ne kuma ake fito da ragowar bara a cakuɗa da sabo. Na bara ba guba ba ne idan bai yi fumfuna ba, amma launinsa ya ja baya, ƙamshinsa ya koma na busasshiyar ciyawa, sai an ƙara kusan rabin awo kafin ya yi abin da sabo ke yi, wato arahar ta tafi. Gidan da ke haɗa lita biyu kullum a azumi na buƙatar kilo uku: biyu na baƙi, ɗaya na ja. A tsince ƙwallaye da itatuwa tun a ranar saye, a baza shi a inuwa wuni ɗaya idan ana shakkar bushewarsa, sannan a ɗura a bokiti mai murfi ko leda mai kauri a cikin buhu. A ajiye kowane iri daban, a ɗaki mai duhu, a ɗaga shi daga ƙasa, nesa da kalanzir da daddawa da busasshen kifi, domin yana ɗaukar wari. Kafin ruwan farko na Afrilu ko Mayu a buɗe a duba, a sake matsa kunne ɗaya a ji ko har yanzu yana karyewa.